Ɗan Farin Tasalla

Tun da hantsi Tasalla ta kasa zama. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta hura wuta ba ta ɗora komai ba. An aza Maharazu a kan jaki an nufi Malumfashi da shi, don saran fartanyar da ya samu a gonar auduga ya zama gyambo, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Wan mijinta, Malam Sada, shi ya raka shi. Kowa a Ƙarfi cewa yake farar allura za a yi masa, guda ɗaya tak, a huta.

Maharazu ɗanta ne na fari. Shekara goma sha tara ba ta taɓa furta sunansa ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, har ta rasu yana hannunta. Matan gari da Tasalla suke misali in ana zancen kunya.

Amma akwai abin da ita kaɗai ta rage da saninsa. Yana ƙarami, masu allura sun zo garin, suka yi masa wata fara mai kauri kamar kindirmo. Kafin a kai shi inuwa leɓunansa sun kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi na fita da ƙyar. Sai da suka ƙara masa wata allurar ya dawo. Babbansu ya ja kunnen kakar, ya ce kada a sake yi wa yaron nan irinta. Tasalla na bayan danga tana ji. Kakar ta tafi da maganar kabari.

Ta yafa mayafi, ta ce wa kishiyar uwar mijinta ido ke damun ta, ta kama hanya. Tafe take tana gardama da kanta. Wataƙila Malam Sada ya sani. Wataƙila ba irin waccan ba ce. In kunya abu ne mai kyau, kuma kowa ya ce mai kyau ce, ta yaya za ta zama sanadin mutuwar mutum? Sai ta ƙara sauri.

A ɗakin shan magani ta tarar da layin mata a baranda, har da biyu 'yan garinsu. Ta zauna kusa da taga. A ciki Malam Ayinde, malamin asibitin, Bayarabe haifaffen Funtua, yana fito da allura daga ruwan da ya tafasa. Maharazu na kwance rubda ciki a kan benci.

"Baba, wannan penisilin ce mai daɗewa," in ji Malam Ayinde yana girgiza kwalba. "Can cikin tsoka nake sa ta, ta yi makonni tana aiki. In ta shiga ba mai fito da ita. Shi ya sa nake tambaya: an taɓa yi masa irinta jikinsa ya ƙi?"

"Wannan ƙaton?" Malam Sada ya yi dariya. "Tuwo ma bai taɓa ƙi ba. Soka masa, likita, mu koma gona."

"Kai fa, samari?"

"Ban sani ba," in ji Maharazu.

Tasalla ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Ta matsa bakin ƙofa, ta durƙusa, ta juya wa wan mijinta baya.

"Likita, akwai wata mata, ɗanta ya taɓa kumbura da farar allura."

"To, Inna, ki ce ta kawo shi in gani. Koma layi, zan zo kanku."

Ya zuƙi maganin a sirinji, ya ɗaga shi sama ya fitar da iska.

"Ai yaron ba nisa yake ba," ta ce.

"Inna, don Allah. Mutum arba'in ke jira na."

Malam Sada ya gane muryar. "Ke! Me ya kawo ki nan? Yau kuma rakiya aka fara?" Matan baranda suka miƙo wuya.

Malam Ayinde ya goge wurin da auduga. Ta ga tsinin allurar ya doshi fata.

"Maharazu ne!" Muryar ta fita da ƙarfin da ba ta nufa ba. "Ɗana Maharazu. Shi ne ya kumbura. Kada ka yi masa."

Hannun malamin ya tsaya. Ya ajiye sirinjin a faranti, ya jawo kujera, ya zauna daidai da ita. Ya tambaye ta launin maganin, da inda ya kumbura, da yadda numfashin ya yi. Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, idonta a ƙasa, tana jin kallon 'yan garinsu a bayanta. Ta san kafin la'asar labarin zai riga ta isa Ƙarfi.

"Baba, da na bi taka, da yau mun ga abin da ba mu so," ya ce wa Malam Sada. Ya wanke gyambon, ya ɗaure, ya ƙirgo ƙwayoyi na wani magani daban, ya ce a dawo da shi jibi. Sannan ya yi rubutu da jan biro a wani kati ya miƙa wa Maharazu. "Duk inda aka ɗauko maka allura, wannan za ka fara nunawa."

Malam Sada ya fita don ya kwance jaki. Maharazu ya tashi zaune yana jujjuya katin. Bai iya karanta shi ba. Da zai yi magana, bango ya kalla.

"Shekarata nawa lokacin?"

Ita ma bangon ta kalla. "Shida," ta ce. "Ba ka ko fara famfara ba."