Inda Damben Gidanmu Ya Tsaya

Damben gidanmu kashi biyu ne. Akwai na tsakar gida, wanda duk yaron ƙauye ke koya, akwai kuma na ɗaki, wanda mutum ɗaya ake damƙa wa. Babana, Meng Deshui, shi kaɗai ya rage da na ɗakin. Bai haifi namiji ba, ni kuma ba a koya wa 'ya mace, wai gidan miji za ta kai shi. Sai ya zaɓi Qiao Lianfa, ɗan mai awara.

Tun ranar da Lianfa ya durƙusa ya miƙa shayi Baba ya sha, alamar ya karɓe shi ɗalibi, ba abin da aka ba shi sai tsayuwar turke: gwiwa a lanƙwashe, hannuwa kamar ya rungumi tulu. Haka yake yi kowace safiya, shekara da shekaru. Lokaci lokaci Baba kan tura shi a ƙirji da tafin hannu. In dugadugansa suka gusa, da sauransa.

Baffa Dehai, ƙanen Baba, ya zo wata safiya ya same su.

"Yaya, ɗalibi kake reno ko ginshiƙin rumfa? Bari in kawo tantabaruna su yi sheƙa a kansa."

"Ƙafarsa ba ta kama ƙasa ba tukuna," in ji Baba.

"Taka fa? Jiya na gan ka kana dafa bango. Ka ba yaron nan abin nan tun kana iya tsayawa."

"In na ba shi yanzu, rawa zai koya, ba dambe ba."

Da sanyi ya shigo, Baba ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ni ba mai magana ba ce, amma ranar da nake ba shi kunun gero na daure na ce, "Baba, ka ba shi mana."

Ya kalle ni. Sannan ya sa aka kira Lianfa ya tsaya gaban gado, ya ce, "Xiuzhen, tura shi. Da ƙarfi, ba shafa na ce ba."

Na tura shi, kaina a sunkuye. Takalmin Lianfa ya ja ƙasa kaɗan. Dukanmu mun ji ƙarar.

Lianfa ya ce, "Malam, ƙasar ce da santsi."

"Abokin gaba ma a ƙasa mai santsi zai same ka. Koma waje."

Ya koma cikin ƙanƙara. Sai da itatuwa suka fara toho na tura shi bai motsa ba, kamar na tura bango. Baba ya ce a rufe ƙofa, ya fara koya masa na ɗakin. Amma a lokacin harshensa ya yi nauyi, hannu ɗaya kawai yake ɗagawa. Daga kicin nakan ji shi yana bugun gado da sanda, yana cewa, "Ba haka ba, kan kabewa! Kugu, kugu!" Kullum lokacin da suke yi raguwa yake, har ranar da ba a rufe ƙofar ba. Baba ya rasu.

Ranar sharar kaburbura ta shekara muka je da turare da giya. Lianfa ya cire riga ya yi wa Baba damben ɗaki a gaban kabarinsa, kamar yadda ake yi. Ban taɓa ganin mutum ya yi nauyi da sauƙi haka a lokaci ɗaya ba. Yana cikin juyi, gwiwa ɗaya a sama, sai ya tsaya. Ya sauke ƙafa a hankali.

Baffa ya ce, "To, sai me?"

"Nan Malam ya kawo ni."

"Ka ƙarasa da naka mana, ɗan awara. Wa zai sani? Ko ni ban taɓa ganin ƙarshensa ba."

Lianfa ya ɗauki rigarsa yana kakkaɓewa. "Abin da ya ba ni daidai yake, Baffa. Ba zan haɗa masa ƙarya ba."

Baffa ya tsiyaya sauran giyar a kan kabarin, muka kama hanyar gida.