Kwaɗon Ƙofar Baya

Da aka yi wa Nas canjin wurin aiki zuwa wani babban asibiti, abu ɗaya ta ƙudurta a ranta: ba za ta sake kulle 'yarta a bene ba. Yarinyar ta isa shiga makaranta amma ko ƙawa ɗaya ba ta da ita, aikinta ke nan kallon motoci ta taga. Don haka Nas ta ce wa dillali ya nemo mata gida a bayan gari, inda yara ke wasa a waje, kowa ya san kowa.

Dillalin, wanda bakinsa ya fi aikinsa kyau, ya kai ta wani layi mai inuwa, kekunan yara a yashe a ƙofar gidaje. "Hajiya, nan ai gida ɗaya ne aka raba shi ɗaki-ɗaki," in ji shi. Abin da ya haɗiye bai faɗa ba shi ne, akwai 'yar ƙofa a katangar bayan gidan, kuma ta nan yaran layin ke ratsawa zuwa makaranta don kada su bi babban titi.

Washegarin tarewa ta ga yara suna ta wucewa ta ƙarƙashin igiyar shanyarta, wani har da tsayawa shan ruwa a famfo. Ta daure. Amma ranar da ƙaramin ɗanta Auta, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ya bi bayansu aka tsinto shi a bakin kwata, sai hankalinta ya tashi. Ta sayo kwaɗo ta danna wa ƙofar, ba ta shawarci kowa ba.

Kafin la'asar sai ga wata tsohuwa da ake kira Uwar Layi, ko zama ba ta yi ba.

"'Yar nan, ke kika rufe wa jikokinmu hanya?"

"Mama, yarona ne ya kusa faɗawa kwata."

"Namu kuma su faɗa ƙarƙashin mota ko? Jiya-jiya kika zo!"

Nas ta kwana a tsaye a wurin aiki, ga gajiya ga haushi, sai bakinta ya riga hankalinta. "Gidana ne dai, ba kasuwa ba."

Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa ta fita.

Dillali bai yi ƙarya ba, gida ɗaya ne kuwa, don rana ɗaya mutanen layin suka juya mata baya. Ta yi gaisuwa, a amsa wa iska. Ƙwallo ta faɗo tsakar gidanta, ba wanda ya zo ɗauka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne in 'yarta ta fito da igiyar tsallakenta, sai iyaye su hau kiran yaransu ɗaya bayan ɗaya, kamar an ga hadari.

Wata rana yarinyar ta shigo ta ajiye igiyar. "Umma, gara benenmu. Can ba wanda ya ƙi ni, ba su san ni ba ne kawai."

Maganar ta soki Nas har ƙashi. Ta haɗiye girman kanta, ta kira kafinta ya sa sakata can sama inda hannun Auta ba zai kai ba, ta cire kwaɗon da hannunta.

Da safe ta shirya yarinyar tsaf, ta riƙo hannunta zuwa ƙofar baya don ta bi ayarin 'yan makaranta. Ta zare sakata ta tura. Ƙofa ta ƙi motsi. Ta leƙa ta tsagar katako, sai ga sabon kwaɗo ta waje, ya ninka nata girma.

"Mun taya ki kullewa," in ji muryar Uwar Layi daga bayan katanga. "Gidanki ne ai."

Can nesa ana jin hayaniyar yara sun zagaya ta babban titi, iyaye na rakiya. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta zame hannunta daga na uwarta, ta koma ɗaki, ta jawo kujera zuwa bakin taga.