Direba Ba Ya Fita

Aikina a wajen ɗaukar fim ɗin shi ne lura. Ina zama a wata 'yar kujera gefen kyamara da littafi a cinyata, ina rubuta hannun da jarumi ya riƙe taba da shi, da maɓallin da ya bari a buɗe, don kada gobe a ci gaba da fitowar ya zo da wata shiga daban. Shekara huɗu na yi ina karatun adabi a Palermo, aikin da na samu ke nan. Ban raina shi ba, tunda ba ya buƙatar in yi wa kowa magana.

Fim ɗin labarin wani alƙali ne mai shari'ar 'yan Mafiya, da 'yan sanda huɗu masu tsaron lafiyarsa. Darakta Valerio mutumin Roma ne. Wata rana ya ce yana neman wanda ya san aikin rakiya da gaske, ni kuma bakina ya suɓuce na ce mahaifina ya yi. Tun kafin in rufe baki na yi nadama, amma sai da aka ɗauko shi ya zama mai ba su shawara.

Baba, Saro Calandra, shekara tara ya yi yana tuƙa Alƙali Bonsignore. Ina da shekara bakwai aka kai musu hari a ƙofar kotu, da safe. Shugaban rakiyar, Gaspare Ingrassia, ya fita tukuna don ya duba hanya, wasu mutum biyu a kan babur suka buɗe masa wuta. Baba ya taka mota ya tafi da alƙali, ƙofar gaba tana lilo a buɗe. Alƙali ya tsira, ya tsufa, ya mutu a gadonsa. Gaspare ya cika a bakin titi.

Gaspare amininsa ne, shi ya riƙe ni a coci ranar da aka yi mini baftisma. A unguwa aka ce Saro ya gudu ya bar abokinsa. Ba a faɗa a gabansa, amma na ji a makaranta, na ji a shagon burodi. Baba bai taɓa kare kansa ba. Ya yi ritaya, ya koma noman tumatir a bayan gida, bai ƙara riƙe sitiyari ba. Matar Gaspare kuwa, Inna Tanina, shekara goma sha bakwai ke nan ba ta ce masa ko sannu ba.

Sai ga shi Valerio ya zaɓi layin San Rocco, don ya ce shi kaɗai ne bai canza kama ba. A layin nan Inna Tanina take, hawa na biyu, barandarta tana kallon motocinmu.

Kullum ƙarfe goma takan zuro kwando da igiya daga baranda, da butar gahawa da 'yan kofuna a ciki. Ni nake karɓa. Idan muna goma sha biyar a ƙasa, kofi goma sha huɗu ke saukowa. Ranar da masu fitila biyu ba su zo ba, goma sha biyu ta zuro. Babu wanda ya lura, don Baba yakan zagaya bayan motar kaya da zarar ya ga igiya, ya tsaya yana duba tayoyin da ba nasa ba.

Rana ta goma sha biyu ce ranar fitowar harin. Kowa ya gaji. Zafi ya sauko tun da sassafe, kwalliyar fuskar 'yan wasa tana narkewa, mai shagon kifi yana ta mita an tare masa ƙofa. Ni kuma ban yi barcin kirki ba kwana uku, saboda na san abin da ke shafi na sittin da ɗaya na rubutun fim ɗin. A rubuce, idan abokin direba ya faɗi, direba zai fito da gudu, ya yi harbi, ya rungume kan abokin a ƙirji. Da na haɗa wa Baba takardunsa, na zare wannan shafin.

Ina so a ɗauka a haka. Duk garin nan za su je kallon fim ɗin, kuma duk sun san labarin wa ake bayarwa. Ina so su ga direba ya fito, ko a majigi ne.

Manlio, jarumin da ke fitowa a direba, ya zauna a tsohuwar mota ƙirar Alfa yana gyara gashi a madubi.

«Kawu Saro, yaya ka gan ni? Na yi kama da kai lokacin kana tashe?»

«Ni a madubin nan hanya nake dubawa,» in ji Baba.

Masu kyamara suka yi dariya. Valerio ya ɗaga hannu, aka yi shiru, aka fara. Abokin ya fita, babur ya shigo, ƙarar harbi ta cika layin, ya faɗi. Manlio ya banko ƙofa ya ruga, ya durƙusa, ya yi kuka mai kyau ƙwarai. Na rubuta: ɗauka ta ɗaya, bindiga a hannun dama.

Baba ya taso daga kan akwatin da yake zaune.

«Wa ke riƙe da motar?»

Valerio ya cire abin sauraro daga kunnensa. «Na'am, Kawu?»

«Na ce wa ya bar wa motar? Ga alƙali a baya shi kaɗai. Yaron nan har inji ya kashe.»

«Na saba ne, Kawu, mai ya yi tsada,» in ji Manlio, yana kaɗe gwiwa.

Baba bai yi dariya ba. «Direba ba ya fita.»

«Kawu Saro, fim ne,» in ji Valerio, da muryar wanda ya yi wannan gardamar sau ɗari. «Mutum ya ga amininsa a ƙasa. Masu kallo suna so su ga zuciya. Idan ya ja mota ya tafi, wa zai ƙara ƙaunarsa?»

«Babu kowa. Amma idan ya fita, gawa uku za ka ɗauka. Na babur ɗin nan ba don Gas... ba don na gaba suka zo ba. Jira suke direba ya buɗe ƙofa.»

Mutanen unguwa da ke bayan igiyar da aka tare hanya da ita duk sun ji sunan da ya haɗiye. Ban ɗaga kai sama ba, amma na san Inna Tanina tana baranda, don na ga inuwarta a jikin bango.

Valerio ya shafa fuska ya juyo gare ni. «Ninfa, ke 'yarsa ce, kuma kin yi karatu. Yi masa bayani don Allah, rana tana tafiya.»

Kwana goma sha biyu ban yi magana a gaban jama'a ba. Muryata ta fito 'yar ƙarama.

«Baba, ka bar shi ya fita. Sau ɗaya kawai.»

Ya dube ni. Ya dubi takardun da ke hannunsa, ya buɗe sittin, ya buɗe sittin da biyu. Bai yi fushi ba. Da ma fushin ya yi. Ya naɗe takardun ya sa a aljihun baya, ya miƙa wa Manlio hannu.

«Ba ni makulli, ɗan samari.»

Ya daɗe kafin ya zauna daidai. Ya matso da kujera gaba, ya gyara madubai uku ɗaya bayan ɗaya, ya goge tafin hannunsa a wando. Inji ya tashi. Manlio ya sunkuya a taga, wannan karon babu wasa a fuskarsa.

«Kalli ƙafata,» in ji Baba. «Giya ta ɗaya, kuloci a ƙasa, birkin hannu a sake. Ko awa guda za ku tsaya, haka za ka zauna. Ƙafar za ta yi rawa, ka bar ta ta yi. Ba ka kallon abokinka. Shi yana kallon gaba, kai kana kallon baya. Ba ka amsa gaisuwa, ba ka kunna taba. Idan ka ji ƙara, ba ka tunani.»

«To idan na ji yana kirana fa?»

Baba ya dubi madubi. «Ba zai kira ka ba.»

Valerio ya yi wa mai kyamara alama da ido, ya ce a gwada sau ɗaya a gani. Mai fitowa a abokin ya shiga gaba, mai fitowa a alƙali ya gyara tabarau a baya. Aka ce a fara. Abokin ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

«Ba haka ba ne!»

Daga sama muryar ta zo. Inna Tanina ta dafa ƙarfen baranda da hannu biyu, baƙar rigarta ta koɗe a kafaɗa.

«Kai mai gashin baki, da kai nake. Ba haka ake fita ba. Sai ka buga rufin motar sau biyu da tafin hannu.»

Ɗan wasan ya dubi Valerio, Valerio ya ɗaga kai. «Don me, Inna?»

«Tambayi direbanku.»

Baba yana kallon gaba. Inji yana ta aiki.

«Tunda ba zai faɗa ba,» in ji ta, «ni in faɗa. Ma'anarsa, idan na faɗi ka taka. Mijina ne ya kafa musu wannan. Ko motar ƙanena ya shiga za mu bakin teku, sai ya buga rufi kafin ya sauka, har yara suna kwaikwayonsa. Na ce masa ya daina yi mini wannan mugun abu a gaban 'ya'ya, bai daina ba.»

Wata tsohuwa a bayan igiya ta yi alamar gicciye. Mai shagon kifi ya sunkuyar da kai yana goge wuƙar da ta riga ta bushe.

Aka sake. Ɗan wasan ya buga rufi sau biyu, ya fita. Babur ya shigo. Kafin ƙarar ta biyu ta fito motar ta riga ta zabura, ƙofa tana lilo, tayoyi suna ihu a kan duwatsun layin. Ta sha kwanar cocin ta ɓace. Mutumin yana kwance a ƙasa shi kaɗai, babu mai rungumarsa, sai hayaƙi. Valerio ya manta bai ce a tsaya ba. Ni ma ban rubuta komai ba.

Motar ta zagayo ta bayan kasuwa ta dawo a hankali. Mai fitowa a alƙali ya sauko yana riƙe da ƙirji. «Wallahi tsohon nan sai ya kashe ni kafin 'yan Mafiya su iso.» Baba ya tsaya daidai inda ya tashi, hannunsa a sitiyari, bai kashe inji ba. Na je na sa hannu ta taga na murɗa makullin da kaina. Rigarsa ta jiƙe sharkaf.

«Saro,» in ji Inna Tanina daga baranda.

Ya fito ya tsaya a rana, ya ɗaga kai. Shekara goma sha bakwai ban ga sun haɗa ido ba.

«Ashe kin sani,» in ji shi.

«Ni na taɓa cewa ka gudu? Ka ji daga bakina?»

«Kin kau da kai a maƙabarta.»

«Na kau da kai don ka zo mini da gaisuwa irin ta kowa. Kai kaɗai ne ka gan shi a ƙarshe, a madubin nan naka. Na jira ka zo ka faɗa mini abin da ka gani. Wata guda na jira, shekara guda. Sai ka koma bin wancan gefen titi.»

«Ba abin faɗa ba ne, Tanina.»

«Ni zan ce ko abin faɗa ne. Mijina ne.»

Ta juya ta shiga ciki. Jim kaɗan kwando ya sauko, ƙarfe goma ta wuce da rabi. Na karɓa na ƙirga da ido kamar kullum. Mu goma sha biyar ne, kofi goma sha huɗu. Sai ta leƙo.

«Ninfa, 'yata, daina ƙirga. Na ubanki yana nan sama, tun ranar farko a nan yake. Ba na zuro wa mutumin gida gahawa da igiya. Idan yana so ya hau.»

Baba ya dubi ƙofar gidan. Ya zaro takardun daga aljihu ya miƙo mini, ya gyara wuyan rigarsa. Matakala ashirin da shida ce zuwa hawa na biyu, na sani don a can na yi wasa ina ƙarama. Na ji takunsa yana hawa, ya tsaya a tsakiya ya huta, ya ci gaba.

Valerio ya zauna a ƙasa kusa da kujerata da kofinsa, ya jingina da ƙafar kyamara.

«Za su tsane shi a Roma,» in ji shi. «Direban nan.» Ya kurɓa. «Yage shafi na sittin da ɗaya. Manlio, shiga mota, kuma ka bar gashin nan haka.»

Na buɗe littafina. Na rubuta a hankali don in iya karantawa gobe: bugu biyu a rufi, hannun dama. Inji a kunne. Ƙofa a buɗe. A sama an janyo labulen baranda, igiyar kwandon tana nan a rataye ba a naɗe ta ba.