Ruwan Tsofaffi

Surukata Yonsim, matar ɗana, ta fi duk matan tsibirin Jeju masu sana'ar nutso a teku dogon numfashi. Kwana ashirin da haihuwa ta koma teku mai zurfi, jirgi ya kwashe su da hantsi sai la'asar. Ni kuwa, da shekaruna saba'in da shida, sai bakin gaɓa, ruwan da aka keɓe wa tsofaffi. In na fito in ɗura wa jaririn, Manbok, ruwan shinkafa kamar yadda aka yi mana.

Da ya cika wata biyu muka ɗora shi a sikelin da muke auna dodon-koɗin da muka ciro daga teku. Allurar ta tsaya inda ta tsaya watan jiya.

Ungozoma ta wanke mu tas. "Ruwan shinkafa? Cika ciki kawai yake yi. Nono yake so, duk sanda ya nema."

To, Yonsim ba ta iya barin teku, gidan ita ke riƙe da shi. Na je na roƙi tsofaffi su bar ta ta yi nutso a ruwanmu, kusa da ɗanta.

Ƙawata Chunhwa ta harare ni. "Ke tsohuwar kunkuru, ɗan ruwan nan da kyar yake isar mu takwas. In ta shigo wa zai fita?"

"Ni."

Bakina ne ya riga ni. Shekara sittin ina shiga tekun nan!

Haka na koma zaman dutse, ina kaɗa kwandon da Manbok ke kwance a ciki da ƙafa. In rana ta yi ɗumi, gyangyaɗi ya ɗauke ni, sai in gan ni can ƙasa cikin koren ruwa, ganye na lilo, haske na zubowa daga sama, ƙirjina ko nauyi babu. In farka, ga Yonsim tana ɗigar ruwa, ta share gishirin ƙirjinta, yaro na zuƙa idonsa a lumshe. Ta koma, ta dawo, ta koma. Kewar tekun ta ci ni, ba zan ɓoye ba.

Wata la'asar na sa hannu ɗaya zan ciro shi kamar kullum. Hannun ya ƙi. Na sa na biyu, har da nishi.

"Yonsim!" na ƙwala mata kira, hawaye na zubo mini. "Fito ki ɗauki ƙatonki, ya fi ƙarfina."