Shafukan da Aka Liƙe

Duk uwar da ɗanta ya ƙi karatu a unguwar, wurin Malamin Laburare ake tura ta. Shi kuwa ba ya tambayar ajin yaro. Sai ya ce, "Me yake yi in an bar shi shi kaɗai?" In an ce kwance rediyo yake yi, ya miƙo littafin ƙere-ƙere. In an ce yarinya ce mai bakin aku, ya zaro na tatsuniyoyi ya ce ta karanta wa ƙannenta. Da wuya ya kuskure. Amma maganin da yake ba 'ya'yan mutane ya ƙi ci a gidansa.

Autarsa shekararta goma sha huɗu. Tun da mahaifiyarta ta rasu bara, maganarta ta koma "to" da "a'a". Malam ya ci gaba da sayo mata littattafai, sai dai ya ɓullo da wata dabara da yake ganin tausayi ce. Yakan fara karantawa, duk inda uwa ta kwanta ciwo ko aka yi rasuwa, ya shafa gam ya liƙe shafukan. A ganinsa, wanda ke da gyambo ba a taka masa ƙafa.

Ranar nan tun safe hankalinsa ya ƙi kwanciya. Yayarsa, wadda 'ya'yansa ke kira Gwaggo, ta tare shi a ƙofar gida ta ce, "Yarinyar nan tana bushewa a gabanka kana kallo. In hutu ya zo ba ta sake ba, zan ɗauke ta ta koma wurina. Kai da littattafanka ku ƙarata."

Maganar ta bi shi har wurin aiki. In Auta ta tafi, gidan ya zama shi da bango. Ya zauna, ya tashi, ya gyara kantar da ba ta karkace ba. Wata mata ta nemi littafin koyon harufa, ya miƙa mata na kiwon kaji. A aljihunsa kuma ga sabon littafin da ya sayo wa Auta, wanda 'yan mata sa'o'inta ke rububinsa. Ya karanta shi: uwar yarinyar cikin labarin ta mutu a tsakiya, sauran duk kewa ce. In ya liƙe, me zai rage? In bai liƙe ba fa?

Bai jira lokacin tashi ba ya rufe ya nufi gida. Ya ɗauko gam ɗinsa, ya tarar ya bushe ƙamas. Ya yi tsaki, ya shiga ɗakin Auta neman nata na makaranta.

Littattafan da ya ba ta suna jere a kan taga. Ya zaro ɗaya, sai littafin ya buɗe da kansa a tsakiya. An bi bakin shafukan da ya liƙe da reza, a hankali, an raba su. Ya zaro na biyu, haka. Na uku ma haka. Sauran shafukan fes suke kamar ba a taɓa su ba, amma waɗanda ya liƙe sun yi baƙi da shatin yatsu, wasu sun tattare inda ruwa ya ɗiga ya bushe. Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda.

"Baba."

Auta ce a bakin ƙofa da kayan makaranta. Ta dubi littafin da ke hannunsa, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni ce. In ka ba ni littafi, gam ɗin nake fara lalube. Duk inda ka liƙe, na san nan ne maganar Mama take."

"Don kada ranki ya ɓaci na yi, Auta."

"Ai a ɓace yake, Baba. A gidan nan ba mai ambatonta. Hotonta ma ka sauke. Sai a wuraren nan nake samun wanda ya san abin da nake ji."

Malam ya sa hannu a aljihu. Ya zaro sabon littafin ya miƙa mata. Ta bi gefensa da babban yatsa, daga farko har ƙarshe, tana neman wurin da ya manne. Babu.

"Wannan ba komai a ciki ke nan?"

"Akwai. Rabinsa ne." Ya zauna a bakin gadonta. "Ni ma a laburare na ɓuya bayan kantar littattafai kafin na iya gama shi. Zo ki zauna."

Ta zauna kusa da shi, ta buɗe tsakiya. Ya karɓa ya fara karantawa, bai kai ƙarshen layi na biyu ba ya kasa ci gaba. Auta ta zare littafin daga hannunsa.

"Kawo, Baba," ta ce. "Ni na saba da irin wuraren nan."