Awa Ɗaya ta Rana

Ina goge taga ƙanin maigidana ya shigo ko sallama babu. Ya ce yayansa ya yanke jiki ya faɗi a shago yana tsaka da gyaran rediyo, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Marigayin ya bar mini wani ɗan akwati da ya haɗa da hannunsa, da farantin sola kamar tafin hannu a jikin taga. Kullum ƙarfe bakwai na safe akwatin kan yi magana da muryarsa: "Sarauniyar mantuwa, a tashi a sha magani."

Wata huɗu da rasuwarsa muryar ta fara shaƙewa, rannan ta ɗauke. Na naɗe akwatin a mayafi na kai wa abokin sana'arsa. Ya buɗe, ya nuna mini batirin ya kumbura. Ya tambaye ni awa nawa rana ke dukan tagar. Na ce tun da maƙwabci ya ɗora bene, daga ƙarfe biyu zuwa uku ne kawai.

Ya ce yunwa ce ta kashe batirin, bai taɓa ƙoshi ba. Sabo ma haka zai mutu, in kuma ya yi yoyo zai cinye wurin da muryar take. Sai ya ɗauko wani abu kamar murfin kwalba, wai kafasita. Shi rana kaɗan ke cika shi, kuma yana shekaru, amma ba ya kwana da wuta. Da ya cika, akwatin zai yi magana, sai kuma gobe.

"Matar yaya, ki zaɓa. Safiya ta 'yan watanni, ko ƙarfe uku na shekaru."

Na ce ya sa murfin kwalbar.

Tun daga nan ba na nisa da gida. Biki ko gaisuwa, ƙarfe biyu ina kan hanya. 'Yata ta gaji da roƙon in koma wurinta, amma ɗakin da ta ware mini tagarsa bango take kallo. Ranar hadari in zauna har la'asar, ba ko tari.

Maganin da safe nake sha, yadda likita ya ce. Ƙarfe biyu in goge farantin da bakin zane, in ja kujera. In ya gama tsiyarsa sai in ce, "Ka makara, Malam. Na sha."