Safiyar da Tela Ya Wuce Tanka

"Ci gaba, zan tarar da kai," in ji Tanka, ya zauna a bakin kwalbatin da ke gaban injin niƙa, ya dafa gwiwoyinsa.

Tela ya tsaya yana haki, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wata takwas ke nan suna wannan fita ta safe, kuma kullum shi ne mai neman wurin zama, Tanka na gaba yana yi masa tsiya.

"Yau kuma kai ne, Yaya? Ashe tanka ma mai yana ƙare mata?"

"Tsakuwa ce ta shigar mini takalmi. Je ka kewaye filin ƙwallo ka dawo, mu gani ko za ka iya ba tare da an tura ka ba."

Tela ya dube shi. Fuskar ta yi wani iri, kamar ta wanda bai samu barci ba, amma bakin yana murmushi. Sai ya juya ya kama hanya. Kuma maganar gaskiya, daɗi ya ji. Har ƙara sauri ya yi, yana shirya baƙar maganar da zai yaɓa masa in ya dawo.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, shekara goma sha tara. Tanka ya yi shekara talatin yana tuƙa tankar mai, sunan ya bi shi, jikin ma ya bi sunan. Kujera biyu ya karya a shagon Tela. Mutum ne da in ya zauna cin soyayyen nama sai an ƙaro, ya kora da lemon kwalba uku, shayinsa kuwa yara ma sun ce ya yi musu zaƙi. Shekara biyu da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a garejin motoci, ya yi mako guda a asibiti. Da ya fito sai ya ajiye tuƙi, ya ajiye sukari, ya sa matarsa ta rage gishiri da mai har abinci ya zama sai ka tambaya kafin ka san mene ne. Ya sayi fararen takalman roba, ya fara fita tafiyar safe. Unguwa ta ba shi mako biyu, aka ce zai watsar. Mako biyu suka wuce, wata shida suka wuce, mutum yana ta zubewa. Duk ƙarshen wata sai ya shigo shago da wando a kafaɗa.

"Rage mini wannan. Abin da ya saura ka ɗinka wa kanka riga."

Ranar da aka auna Tela a kemis aka ce jininsa ya hau, matarsa ce ta kai ƙara ta kan katanga. Washegari gari na wayewa Tanka ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma tun daga ranar ba a fasa ba. Abin da ya fi ba Tela haushi shi ne Tanka bai ɗauki abin a matsayin wahala ba. Sai ya tsaya kallon masu gini, ya tsaya tambayar mai shuka furanni sunan wani ganye, ya gai da kowa har da waɗanda ba su amsawa. Yakan ce shekara talatin yana ratsa garuruwa, amma abin da ya sani kawai bayan motar da ke gabansa.

Tela ya kewaye filin tsaf, karo na farko a rayuwarsa ba tare da ya tsaya ba. Da ya karyo kwana sai ya hango mutane sun taru a gaban injin niƙa. Ya fara tunanin ko faɗa ake yi. Sai da ya matso ya ga fararen takalman, ƙafafun suna miƙe a ƙasa, igiyoyin biyu a ɗaure tam. Ba a ko taɓa su ba.

Mai injin ne ya tare tasi. Tela ya riƙe kan Tanka a cinyarsa har asibiti, yana ta kiran "Yaya, Yaya," ba amsa. A can wata likita mai gilashi ta tare shi a baranda.

"Baba, kai ne kuke tare? Tun yaushe ya fara jin ciwon ƙirjin?"

"Ƙirji? Tsakuwa ya ce."

"Wace tsakuwa? To, minti nawa ya yi a kwance kafin a ɗauko shi?"

Tela ya shiga lissafi. Bai taɓa duba agogo a kewayen filin ba. Goma? Ashirin? Ya ce bai sani ba. Ta rubuta wani abu ta wuce, shi kuwa ya tsaya yana son ya bi ta ya tambaya ko amsar tana da muhimmanci, amma bai bi ta ba.

Washegari da hantsi Tanka ya farfaɗo. Tela ya same shi an jingina shi da matashi biyu, roba a hanci, matarsa na gefe tana ɓare masa lemo, Auta 'yarsa tana tsaye bakin taga. Rigar asibitin ta yi masa yawa.

"Tela," ya ce, muryar can ƙasa. "Ka kewaye?"

"Haba Yaya, wannan ce maganar da za a yi yanzu?"

"Ka kewaye ko ba ka kewaye ba?"

"Na kewaye."

"Duka? Ba ka ratsa ta tsakiya ba?"

"Duka."

Tanka ya lumshe ido kamar wanda aka yi wa albishir. Tela ya jawo kujera, ya sunkuyo daf da kunnensa don kada matan su ji.

"Me ya sa ka ce mini tsakuwa ce?"

"Ni ma na ɗauka iska ce ta tsaya mini, za ta wuce." Ya numfasa. "Kuma da na ce ƙirji ne da ka samu dalilin zama. Na san ka."

Ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. Wata nas ta shigo ta ce a bar shi ya huta. A ƙofa Tela ya waiwaya, Tanka ya ɗaga yatsa yana nuna masa tumbi, alamar yana nan yana lura.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, Tela na kan keken ɗinki yana dashen aljihun wata riga, ya ji kuka ta kan katanga. Ƙafarsa ta ci gaba da taka keken har ɗinkin ya fita daga yadin.

An binne shi, aka dawo. Kwanakin da suka biyo baya, bencin ƙofar shagon Tela bai rabu da mutane ba, kuma kowa da tasa.

"Ni dai na faɗa tun farko," in ji Mai Shago, maƙwabcinsu mai sayar da kayan masarufi, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. "Mutum ya haura sittin ka ce zai riƙa tsere da samari? Jiki ya saba da abu ka yanke masa rana ɗaya. Yunwa ce da wahala."

"Kai, ji tsoron Allah," in ji Mai Kemis. "Ba don wannan tafiyar ba, da tun shekarar da ya faɗi aka gama. Ni na auna sukarinsa a watan jiya, ya fi na yarana kyau."

"To ga shi sukarin ya yi kyau. Ina mai sukarin?"

Wanzami ya ce kwana ne ya ƙare, a bar maganar. Ba a jima ba aka sake ɗaukowa daga farko. Tela yana jin su, duk wanda ya yi magana sai ya ga kamar shi ke da gaskiya. Wani ya juyo ya tambaye shi, tun da shi ke tare da marigayin, yaya abin ya faru? Ya ce ya ɗan yi gaba ne. Bai faɗi nisan gaban ba.

A gida ma bai tsira ba. Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin da robar gishiri a hannu.

"Baban yara, yanzu ya za a yi? In ci gaba da yi maka naka daban, ko in haɗa tukunya?"

"Yi yadda kika gani."

"Ni ban ga komai ba, shi ya sa na tambaya."

Ta haɗa tukunya. Ya kai loma ɗaya, gishirin ya sare masa harshe, ya ture kwanon. Washegari ta yi masa nasa daban, ya ce salam yake kamar ruwa. Ta dube shi ta ce, "To kai wanne kake so?" Ya ajiye cokali ya tashi. Kwana shida bai fita da safe ba, amma kullum a daidai lokacin idonsa ke buɗewa, ya kwanta yana sauraron ƙofa.

A rana ta bakwai Auta ta leƙo shago da yamma, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Mama ta ce a yi masa godiya bisa ɗawainiya. Har ta miƙe ya tsayar da ita.

"Auta, likitar nan ta ce wani abu? Da an kawo shi da wuri...?"

"A'a Kawu, ba ta ce ba. Zuciyar ce dama. Tun faɗuwar farko aka gaya masa ta riga ta yi rauni, ba za ta koma daidai ba ko me ya yi. A gabana aka faɗa."

"Ya sani? Duk wannan kabejin da dafaffen kifin, ya sani?"

"Ya sani. Amma Mama ta ce ba haka ta ji ba. Ita ta ce cewa aka yi in ya kiyaye zai iya shekara goma. Jiya har muka yi musu." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni na taɓa ce masa, Baba, tun da haka ne ka ci abin da ranka ke so mana. Sai ya ce in ƙyale shi, shekara ashirin bai ga yatsun ƙafarsa ba, yanzu da suka fara sabawa ba zai sake rabuwa da su ba."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta fita da sauri. Tela ya zauna da almakashi a hannu. Ya ɗauka in ya ji wannan zai samu sauƙi, ko kuma ya ji haushi, amma ko ɗaya bai zo ba. In mutumin ya san ba zai warke ba, shi Tela da yake ja kullum fa, warkewa yake nema masa, ko abokin hira kawai yake so? Ya juya tambayar har aka rufe shaguna, ba ta ba shi gaba ba, ba ta ba shi baya ba.

Da safe bai yanke shawarar komai ba. Ya dai ga kansa a tsakar gida yana sa takalmi, matarsa na kallonsa daga ƙofar ɗaki. Bai bi ta injin niƙa ba, ya zaga ta layin makarantar firamare. Hanyar ta yi masa tsawo, ga shi ba wanda zai tsaya kallon wani abu ya ba shi damar numfashi.

A ƙofar makarantar akwai wani tsohon maigadi da suke ɗaga wa hannu duk ranar da suka biyo ta nan, ba su taɓa jin ko muryarsa ba. Yana zaune a benci, rediyo a cinya. Da ya hango Tela sai ya ɗaga yatsu biyu, ya karkata kai yana leƙen bayansa.

Tela ya tsaya. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya.

Tsohon ya daɗe yana kallon yatsan. Sannan ya kashe rediyon, ya matsa gefe, ya share ƙurar bencin da tafin hannu. Tela ya zauna. Yara suka fara shigowa biyu-biyu, uku-uku, jakunkuna na rawa a bayansu, suna gaishe su suna wucewa.